FILIN MASU MOTA: Sabon Kakin Mota, Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

A cikin wasiƙun da suka taru mini 'yan watannin nan, akwai guda uku da suka zo da tambaya iri ɗaya, sai ka ce masu su sun haɗa baki: ɗaya daga unguwar Sabo ta Ibadan, ɗaya daga Agege a nan Ikko, ta uku kuwa daga wani direban motar haya a Fatakwal. Dukansu suna tambaya ne a kan wannan sabon man shafa wa jikin mota da ya cika kantuna, wanda ake sayarwa a kwalba mai bakin feshi, an rubuta a jikinta wai akwai seramik a ciki, wani ma har da girafin. Suna so su sani, shin ya fi kakin gwangwani da muka saba da shi tun zamanin iyayenmu, ko kuwa daɗin bakin 'yan talla ne kurum? Da gangan na jinkirta amsa, domin ban ga amfanin in kwashe abin da aka rubuta a bayan kwalba in juye muku ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Na gwada har tsawon wata uku, yau kuma ga bayani.

Wataƙila wani ya ce, ana fama da kuɗin mai da na taya, wa ke ta ƙyallin mota? To, maganar ta wuce ƙyalli. Tun daga watan Yuni na 2023, da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin mota, sabuwa da ta hannu, ya yi tashin gwauron zabo, har ya zamana mafi yawanmu motar da ke hannunmu ita za mu riƙe sai inda ƙarfinta ya ƙare. Wanda kuma larura ta sa ya kai tasa kasuwa, ko a Berger ta Apapa ko wajen dillalan Kano da Kaduna, ya san tambayar da mai saye kan fara yi tun bai buɗe bonet ba: fentin kamfani ne, ko an sake? In aka ce an sake, nan take zuciyarsa za ta raya masa cewa motar ta taɓa yin haɗari, ko da kuwa rana ce kawai ta cinye fentin, sai ya zaftare kuɗi mai kauri. Ƙarƙashin fentin nan kuwa ƙarfe ne, wanda a nan bakin teku, inda iska ke ɗauke da gishiri, da zarar ya samu 'yar kafa sai tsatsa ta kama shi.

Ya kamata mu fara sanin abin da muke son karewa. Dattawa za su tuna motocin da aka fara harhaɗawa a ƙasar nan a 1975, watau Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko. Mafi yawan motocin wancan zamani launinsu da ƙyallinsu a haɗe suke cikin fenti guda. Shi ya sa in ka goge jar mota da man goge fenti, sai ka ga tsumman ya yi ja, mota kuma ta dawo kamar sabuwa, domin ka kankare mataccen fentin da ke sama, mai rai ya fito. Daga shekarun 1980 sai masana'antu suka koma wata hanya. Bayan shafin farko mai kama ƙarfe, sai a fesa launi, sa'an nan a rufe shi da wata fata mai garai-garai kamar gilashi, wadda ba ta da launi ko kaɗan. Ita ce ke ƙyalli, ita ce kuma ke tare hasken rana kada ya ƙona launin. Duk shimfiɗun nan in an haɗa su, kaurinsu bai wuce maikiron 100 zuwa 150 ba a yawancin motoci, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Fatar sama ita kaɗai takan tsaya tsakanin 35 da 50. Takardar littafin rubutu guda ɗaya ta ninka ta kauri. Wannan 'yar siririyar aba ita ce tsakanin motarka da rana.

In ta mutu, ta mutu ke nan. Kowa ya taɓa ganin motar da rufinta da bonet ɗinta suka yi fari-fari, suna ɓamɓarewa kamar saɓar maciji. Wannan ba shi da magani a gwangwani ko a kwalba, sai wajen mai fenti. Duk wanda ya ce yana da man da zai warkar da shi, kuɗinka yake so.

Shi kuwa kaki, aikinsa shi ne ya zama riga a kan wannan fata, ya karɓi dukan a madadinta, ya ƙare, a sake sa wani. Mu Hausawa kakin zuma muka sani, wanda dukawa kan shafa wa zare. Amma kakin zuma yakan narke a digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyas, alhali kuwa bonet ɗin baƙar mota da aka ajiye a ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana iya wuce digiri 70. Saboda haka masu haɗa man mota suka dogara ga wani kaki da ake kira karnuba. Daga ganyen wata bishiya ake samunsa, mai kama da giginya, ganyenta kamar mafici, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin ƙasar Burazil, musamman a jihohin Piyawi da Siyara. Yankin mai fari ne, bishiyar kuwa takan rufe ganyenta da kakin nan don kada rana ta tsotse mata ruwa. Da rani akan sare ganyen, a shanya shi ya bushe, a bubbuge shi, garin kakin ya zubo, a narkar, a tace. Wanda aka samu daga ɗanyen ganyen da bai buɗe ba shi ne mai daraja ta ɗaya, launinsa rawaya mai haske. Karnuba ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86, yana kuma daga cikin mafi tauri a kakin da ake samu daga tsiro. Ko ba ka da mota ka taɓa haɗuwa da shi, domin da shi akan sa wa wasu alawoyi da ƙwayoyin magani ƙyalli, yana kuma cikin man goge takalma.

Nan akwai wata 'yar dabarar 'yan kasuwa da ya kamata a gane. Tsantsar karnuba tauri gare shi kamar tsakuwa, ba ya shafuwa. Dole sai an narkar da shi cikin mai da wasu sinadarai kafin ya zama abin da soso zai ɗauka. To, in ka ga an rubuta a gwangwani wai karnuba ɗari bisa ɗari, nufinsu shi ne ba a gauraya kakin da wani kaki ba. Ba wai gwangwanin duka karnuba ne ba. Maganar gaskiya ce, amma an faɗe ta yadda za a ji ta a karkace.

Sana'ar ta daɗe. Kamfanin Meguiar's a 1901 ya fara, da man goge kujeru da tebura ma, kafin ya koma ga motoci. Simoniz ya fito a Shikago a 1910, Turtle Wax kuma a wannan birni a shekarun 1940. Daga baya masana sinadarai suka haɗa nasu na roba, wanda ba shi da alaƙa da wata bishiya, ya kuma fi karnuba daɗewa a jikin mota. Na bayan nan shi ne mai silika, watau sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, shi ne ake kira seramik. Shi ma iri biyu ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai na ainihi, ɗan ƙaramin kwalba mai tsada, wanda ƙwararru ke shafawa bayan sun share yini guda ko biyu suna gyaran fenti, ya daskare ya yi tauri, ya kai shekara biyu ko fiye. Akwai kuma na feshi, wanda silikar da ke cikinsa kaɗan ce, an gauraya ta da na roba, kowa na iya shafa shi a ƙofar gida. Wannan na biyun shi masu wasiƙu ke tambaya a kai, shi na gwada. Sunansu ɗaya, amma tsakaninsu akwai tafiya.

Sauran rubuce-rubucen jikin kwalbar ba sa bukatar dogon bayani. Alamar nan ta 9H ma'aunin taurin bakin fensir ce, ma'anarta fensir mafi tauri bai karce shi ba a wajen gwaji. Ba ta da dangantaka da ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma, wanda lu'ulu'u ke samansa, ko da yake masu talla ba sa ƙin mutum ya zaci haka. Girafin kuwa abu ne na gaske, wasu masana biyu, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka ware shi a Jami'ar Manchesta ta Ingila a 2004, har suka samu kyautar Nobel a 2010. Amma ɗan abin da ake barbaɗawa a kwalbar man mota ba zai mai da bonet ɗinka sulke ba.

Yanzu sai gwajin. Motar da na yi amfani da ita Corolla ce mai launin shuɗi mai duhu, ta haura shekara goma, fentinta na kamfani ne. Na zaɓi mai duhu ne domin farar mota da mai ruwan azurfa suna ɓoye aibi, mai duhu kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Na raba bonet biyu da tef na takarda, haka rufi, haka murfin but. Ɓangaren direba na sa masa kakin gwangwani mai karnuba irin wanda na saba da shi, ɗaya ɓangaren kuma sabon na feshi. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba, domin wannan fili ba allon talla ba ne. Abin da zan ce kawai, kuɗin kwalbar ya kusa ninka na gwangwanin.

Amma kafin kaki ya taɓa mota akwai wanki, a nan kuma zan daɗe, domin a nan ne mafi yawan motocinmu ke lalacewa. Kowace safiya, a kusan kowace unguwa, za ka ga yaro ko maigadi ya ɗauki busasshen tsumma yana goge ƙurar da ta kwana a kan motar maigida, maigida kuma yana jin daɗi wai ana kula masa da mota. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwaso mafi yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, ba gari ba ne mai laushi kamar yadda ido ke gani. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi, yashi kuwa ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba, ya ma fi gilashi. In ka danna su da tsumma ka ja, daidai yake da ka goge motarka da takardar yashi ta kafinta. Ka tsaya da rana tsaka ka dubi bonet ɗin kowace baƙar mota, za ka ga wasu siraran zane-zane sun kewaye hoton rana kamar saƙar gizo-gizo. Aikin tsumman safe ke nan. Ni a ganina, motar da aka bari da ƙurarta mako guda ta fi wadda ake gogewa a bushe kullum lafiya.

Yadda na yi shi ne, na kai motar inuwa da sassafe, jikinta da sanyi. Na fara kwarara mata ruwa daga sama zuwa ƙasa, ba tare da na taɓa ta ba, har mafi yawan ƙurar ta gangara. Sa'an nan na ajiye bokiti biyu, ɗaya da ruwan sabulun mota, ɗaya da ruwa zalla. In na wanke fuska guda, sai in ɗauraye tawul ɗin a bokitin ruwa zalla, yashin ya zauna a gindi, kana in mai da shi cikin na sabulu. Wanda ya gwada wannan sau ɗaya, ya dubi gindin bokitin nan na biyu bayan ya gama, ba zai sake wanki da bokiti ɗaya ba. Ƙafafu da ƙasan ƙofofi su ne na ƙarshe, da wani tsumma dabam wanda ba ya hawa sama. Tawul ɗin kuwa irin mai laushin zaren nan ne da ake kira maikirofaiba, wanda ke haɗiye ƙura cikin gashinsa. Tsohuwar singileti ba ta yin haka, a fuskarta yashin ke zama.

Game da sabulu, garin sabulun wanki da masu wankin mota na bakin titi ke so saboda kumfa da arha, an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi. Kaki kuwa ɗan'uwan maiƙo ne. Wanki biyu ko uku da shi sun isa su tafi da kakin da ka ɓata rabin yini kana shafawa, ban da ƙwayoyinsa da ba su narke ba, waɗanda su ma kan yi karce. In za ka kai motarka wurinsu, tafi da sabulunka da tawul ɗinka, ka kuma tsaya a kai. Ba za su ji haushi ba in ka ƙara musu ɗan na goro.

Bayan ta bushe sai na sa hannuna cikin siririyar leda na shafa bonet. Wannan dabara ce mai kyau, domin leda takan ƙara wa yatsa ji. Fentin da ido ke gani sumul sai na ji shi da ƙaiƙayi kamar bangon siminti. Burbushin kwalta ne da hayaƙi da ƙurar birki da suka kafe a jikin fenti, waɗanda sabulu ba ya cirewa. Maganinsu wani yumɓu ne na roba da Japanawa suka ƙirƙiro, ana jiƙa fenti da ruwan sabulu sosai, a riƙa zamar da shi a hankali, yana tsince su. In ya faɗi ƙasa, a jefar da shi, kada a yi tsimi, domin ya riga ya ɗebi tsakuwa. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa.

Wajen shafawa ne bambancin farko ya fito. Kakin gwangwani aiki ne na mai haƙuri. Ka ɗan taɓa shi da soso, ka shafa siriri ƙwarai har da ƙyar ake ganinsa, ka jira ya yi hazo-hazo. Yadda za ka san ya isa gogewa shi ne ka ja yatsa a kai: in wurin ya fito fes, ya yi, in ya yi jirwaye, ƙara jira. Mutane da yawa suna laftawa da kauri, suna zaton yawan kaki yawan kariya. Abin da ke manne wa fenti ɗan kaɗan ne wanda ido ba ya gani, sauran duk a tawul zai ƙare, bayan ya gajiyar da kafaɗa. Rabin motar ya ci mini kusan minti 40. Na feshin kuwa, fesawa biyu a kan tawul, a shafa a fuska guda, a juya busasshen gefe a goge nan take. Cikin minti 10 na gama ɗaya rabin. Sai dai yana da nasa sharaɗi: ba ya son zafi ko kaɗan, in jikin mota da ɗumi ko aka fesa da yawa, yakan bar inuwa-inuwa a fenti mai duhu, kuma masu shi sun ce kada ruwa ya taɓa shi sai ya kwana.

Da na cire tef na fito da ita rana, gaskiya ɓangaren karnuba ya fi kyau a idona. Shuɗin ya ƙara zurfi, kamar rigar da ta sha bugu a hannun mabugan Kano, har wasu ƙananan karce sun ɓuya, domin man da ke cikin kakin ya cike su. Ɓangaren silika ƙyallinsa mai kaifi ne kamar madubi, santsinsa ya fi, amma bai rufa wa karce ko ɗaya asiri ba. Da a ranar aka ce in yanke hukunci, da gwangwani na ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Motar a waje take kwana, ina wanke ta sau ɗaya a mako da sabulun mota. A mako na uku duk ɓangarorin biyu ruwa na dunƙulewa a kansu kamar ƙwayar gero, yana gangarewa. A mako na biyar na yi tafiya da ita Arewa, ta Lakwaja da Abuja da Kaduna har Kano, cikin tsakiyar hunturu, ta kwana goma sha biyu tana shan hazo da dare, rana da yini. A can na lura da abu guda: ƙura ta fi kama ɓangaren karnuba, in kuma aka kwarara ruwa, ɓangaren silika ne ke fara fita tas. Da na dawo, a mako na bakwai, ruwa ya daina dunƙulewa a rabin rufin da ke da karnuba, shimfiɗewa yake yi ya kwanta. A bonet ma haka, ga zafin rana daga sama, ga na inji daga ƙasa. Karcen da suka ɓuya duk sun dawo. Ɓangaren silika kuwa har ƙarshen wata na uku yana korar ruwa, ko da yake ƙarfinsa ya ragu a bonet. Kwalbar ta yi alkawarin shekara guda. A irin ranarmu da ƙurarmu, abin da na gani bai nuna zai kai ko rabin haka ba. Amma ya ninka na gwangwani daɗewa, da kwatan wahalarsa.

Akwai abin da duka biyun suka kasa. Wata rana a Kano na ajiye motar ƙarƙashin darbejiya don inuwa, tsuntsaye suka yi mata kashi a bonet, ɗaya a kowane ɓangare, kamar sun san gwaji nake yi. Na wanke kafin la'asar, bai bar tabo ba. Da ya yini ya kwana a rana, da ya ci kakin ya shiga fatar fenti, ko wane iri aka shafa. Kaki jinkiri yake saya maka, na 'yan sa'o'i. Maganin kashin tsuntsu da na jemage shi ne a ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma ya yi laushi, a ɗauke, kada a kankare. Haka kuma ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri: tun da kaki na dunƙule ruwa, in aka bar ɗigon ya bushe a rana, kowane ɗigo sai ya bar farin zobe. Motar da ke da kaki ta fi bukatar a tsane ta da tawul da zarar an gama wanki. Karce kuwa, wanda ya goge ƙura a bushe zai karce ɓangaren seramik kamar yadda zai karce ɗayan.

To, mai tambaya daga Ibadan, wanda ya ce motarsa a rumfa take kwana, sai Juma'a da ranar biki take fita: kai kam riƙe gwangwaninka, ka shafa duk bayan wata biyu, za ka fi jin daɗin kallonta. Na Agege, mai motar zuwa aiki da ke yini a rana, na feshin ya fi maka, ka sabunta duk wata uku, kada ka jira shekarar da aka rubuta. Wanda kuma ke son duka biyun, ya fara sa mai silika, ya kwana, sa'an nan ya ɗora karnuba a sama. In aka juya, silikar ba za ta samu fentin da za ta kama ba, domin ba ta manne wa maiƙo.

Wasu 'yan gargaɗi, domin a cikinsu akwai wanda ya shafi rai. Kada a sa kakin jikin mota a gilashin gaba. Da rana ba za ka ga kome ba, amma ran da ruwan sama ya same ka da dare, waifa ta shafa shi, fitilar motar da ke tahowa ta haske shi, sai gaba ɗaya gilashin ya zama hazo. Haka man ƙyallin taya, gefenta kawai ake shafa wa, kada ya taɓa inda take taka ƙasa ko faifan birki, kuma kada a shafa mai santsi a sitiyari ko a feda. Baƙar robar bamba da ta gefen gilashi, in kakin gwangwani ya taɓa ta yakan bar farin tabo mai wuyar fita, gara a rufe ta da tef tun farko. Wanda kuma aka yi wa sabon fenti, ya ba shi wata ɗaya zuwa uku kafin ya sa kaki, domin fentin gareji yana ci gaba da fitar da sinadaransa bayan ya bushe a hannu. In kuma za ka kai mota fenti, gaya wa mai fentin abin da ka saba shafa mata. Yawancin mayukan nan suna da silikon, wanda in ba a wanke shi sarai ba, sabon fenti kan yi ƙananan ramuka kamar idon kifi, a zo ana rigima a kan laifin wane ne.

Sai batun injin gogewa, wanda yanzu kusan kowane wurin wankin mota ya saya. Man da ake sa masa ba kaki ba ne, mai kankara ne, yana cire karce ne ta hanyar rage kaurin fatar da ke kewaye da shi. A hannun gwani, sau ɗaya a shekaru, abu ne mai kyau. A hannun wanda ya koya jiya, musamman a kan kusurwa da bakin ƙofa inda fenti ya fi siranta, minti ɗaya ya isa ya huda fatar ya kai ga launi. Ku tuna da maikiron 35 zuwa 50 ɗin nan. Mai motar da ke kai ta a yi mata inji duk wata don ta yi ƙyalli, garin gyaran gira zai rasa ido.

Jabu ma ya shigo wannan kasuwa, kamar yadda ya shiga ta man inji. A duba hatimin bakin kwalba, a duba rubutun ko ya yi dishi-dishi, a girgiza a ga ko ruwa ne tsararo. In farashin ya faɗi ƙasa da rabin na sauran kantuna, a bar musu kayansu.

Saura direbanmu na Fatakwal, wanda ya ce motarsa tana wanki kullum saboda taɓo da baƙin toka da ke sauka a garin, yana tsoron kada kuɗinsa ya bi ruwa. Malam, a irin aikinka na feshin ne zai yi maka, domin baƙin tokar nan ta fi saurin barin fenti mai santsi, kuma minti 20 sun ishe ka ka gama mota duka ran da ba ka fita da wuri ba. Sai dai in yaran tasha ne za su ci gaba da wanke ta da garin sabulu da bokiti ɗaya, to kuɗin kwalbar ka fara sayen tawul uku da galan ɗin sabulun mota da su, kakin ya biyo baya. Tambayarka ta biyu, game da fitilun gaba da suka yi rawaya har ba ka ganin hanya sosai da dare, ita za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.